Grace Hopper: Malamar Lissafin Da Ta Sake Sana'a Tana Da Shekara 37

Akwai wata tambaya da ta yawaita a bakin ma'aikatanmu a 'yan shekarun nan, musamman waɗanda suka ba arba'in baya ko suke dab da ita. Ko malamin makaranta ne, ko ma'aikacin banki, ko jami'in mulki a sakatariya, sai ka ji yana yin ta ƙasa-ƙasa kamar mai neman maganin cutar da ake jin kunyar faɗa: shin mutum mai shekaruna zai iya ajiye aikin da ya sani ya koma koyon rubuta manhajar kwamfuta? Masu ba da amsa kuwa kashi biyu ne. Akwai masu tallar kwasa-kwasan wata uku ko shida, waɗanda za su rantse maka cewa kafin shekara ta zagayo ka fara karɓar albashi da dala kana zaune a ɗakinka. Akwai kuma 'yan uwa da abokan arziki da za su tuna maka cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ga iyali ga kuɗin makarantar yara. Ni dai babu amsar da ta gamsar da ni a cikin biyun, shi ya sa na ga ya dace yau in kawo wa mai karatu tarihin wata Ba'amurkiya da ta yi irin wannan ƙaura tun sana'ar ba ta da ko suna, wato Grace Hopper, wadda ta bar duniya a farkon 1992. Ana yawan kafa hujja da ita a kan cewa gemu ba ya hana ilimi. Haka ne, amma labarin nata ya fi wannan faɗi, kuma ya fi shi ɗaci.

An haife ta a birnin Niyok ranar 9 ga Disamba, 1906, sunanta na yanka Grace Brewster Murray, ita ce babba a cikin 'ya'ya uku. Mahaifinta dillalin inshora ne, gidansu kuma na masu rufin asiri ne. Ana ba da labarin cewa tana 'yar shekara 7 ta kwance agogunan ƙararrawa har guda 7 na gidansu, don ta ga abin da ke sa su kuka, kafin mahaifiyarta ta farga ta taƙaita ta a kan guda ɗaya. Irin wannan labari kusan kowane shahararre ana laƙaba masa shi bayan ya shahara, saboda haka ba na ɗora masa nauyi da yawa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, tana da shekara 16 ta nemi shiga Kwalejin Vassar, wata babbar makarantar mata a jihar Niyok, aka ƙi ɗaukarta saboda ta gaza a jarrabawar Latin. Ta jira shekara guda ta sake nema, ta shiga, ta fito a 1928 da digiri a lissafi da kimiyyar fiziya. Daga nan ta wuce Jami'ar Yale ta yi digiri na biyu a 1930, shekarar da ta auri Vincent Hopper, malamin adabi, wanda sunansa ne ya bi ta har kabari. A 1931 ta koma Vassar a matsayin malama, a 1934 kuma ta kammala digirin digirgir a lissafi a Yale, a zamanin da matan da ke samun irin wannan digiri a duk faɗin Amurka a shekara ba su taka kara sun karya ba.

Sama da shekara 10 ta yi tana koyarwa. Ta kai matsayin mataimakiyar farfesa a 1941. Wato dai, a ma'aunin da muke auna mutane da shi, ta gama samun wuri: aiki mai daraja, albashi tabbatacce, hutun ƙarshen zango, da kujerar farfesa tana jiranta in ta yi haƙuri. Akwai wata ɗabi'a tata ta wannan zamani da nake so mai karatu ya riƙe, domin za mu dawo kanta. A ajin lissafi takan tilasta wa ɗalibanta su yi rubutun zube suna bayyana abin da suka lissafa, ta kuma cire musu maki in rubutun bai fita ba. Ɗaliban sukan yi ƙorafin cewa su lissafi suka zo koyo ba Ingilishi ba, ita kuwa matsayinta shi ne lissafin da mutum ba zai iya bayyana wa wani ba, ba shi da amfani.

Sai yaƙi ya zo. Ranar 7 ga Disamba, 1941 Japan ta kai hari sansanin jiragen ruwan Amurka na Pearl Harbor, Amurka ta tsunduma cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Hopper ta nemi shiga rundunar sojojin ruwa, rundunar da kakan-kakanta ya taɓa yi wa aiki, aka mayar da ita gida bisa dalilai uku: shekarunta sun yi yawa, nauyinta bai kai ba, domin kilo 48 ne kacal alhali ana neman 54, sannan an ce aikinta na malamar lissafi ya fi amfani ga ƙasa a inda take. Ba ta haƙura ba. Ta matsa har ta samu hutun barin aiki daga Vassar, ta samu sassauci a kan maganar nauyi, aka rantsar da ita cikin rundunar ko-ta-kwana ta sojojin ruwa a Disambar 1943, watan da ta cika shekara 37. Aka tura ta horo a Kwalejin Smith da ke jihar Masachuset, tare da 'yan mata sa'annin ɗalibanta, ana koya musu fareti da gyaran gado. Ita ta zo ta ɗaya a ajin. A tsakiyar 1944 aka ba ta ƙaramin muƙamin laftana.

A nan ya kamata a faɗi wata gaskiya da masu kafa hujja da ita kan tsallake. Hopper ba ta bar koyarwa don ta zama mai rubuta manhaja ba, domin a lokacin babu wata sana'a mai wannan suna, kuma ita kanta ba ta taɓa ganin kwamfuta ba. Aikin soja ta nema. Rundunar ce ta duba takardunta ta tura ta wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Jami'ar Harvard, a farkon Yulin 1944, wurin wani Kwamanda Howard Aiken. Shi kuwa Aiken mutum ne mai zafin rai, bai kuma ɓoye ɓacin ransa ba da ya ga mace aka aiko masa. Ya nuna mata wata na'ura, ya ba ta littafin alamomin umarni, ya ɗiba mata mako guda ta sa na'urar ta fitar da wani lissafi na kusurwoyi.

Na'urar ita ce Mark I, wadda kamfanin IBM ya ƙera bisa tsarin Aiken. Tsawonta ƙafa 51, tsayinta ƙafa 8, nauyinta kusan tan 5, da sassa sama da 750,000 da wayoyin da in aka miƙe su za su kai kilomita 800. Ba ta lantarki zalla ba ce irin ta yau. Dubban makunnai ne da ƙafafun ƙarfe masu juyawa, wani dogon sandan ƙarfe yana jan su, ƙararsu kamar rumfar teloli a daren jajibirin salla. Tana iya tara lamba sau 3 a daƙiƙa, ninkawa kuwa sai ta ci daƙiƙa 6. Wayar da ke aljihunka ta fi ta sauri ninkin da hankali ba zai ɗauka ba. Ana ba ta umarni ne ta hanyar huda ramuka a jikin doguwar takarda mai kama da ɗamara, kowane layin ramuka umarni ɗaya: ɗauko lamba daga wuri kaza, kai ta wuri kaza, yi mata kaza. Rami ɗaya ya kauce, aikin kwana da kwanaki ya lalace.

To ga mai digirin digirgir, malamar jami'a ta shekara 13, ta koma 'yar koyo. Waɗanda suka riga ta a wurin samari ne biyu, Richard Bloch da Robert Campbell, dukansu ƙannen bayanta ne a shekaru da muƙami da karatu, kuma a wurinsu ta koyi aikin. A ganina wannan shi ne mataki mafi wuya a duk labarin, ya fi rantsuwar soja wuya. Duk wanda ya taɓa zama oga a ofis ya san nauyin zama gaban yaron da ya girme wa da shekara 15 yana cewa bai gane ba, a sake maimaita masa. Da yawa daga cikin masu niyyar sauya sana'a a wannan gaɓar suke karaya, ba a wurin wahalar karatun ba. Ita kuwa ta zauna ta koya, ta kwana tana bin zanen wayoyin na'urar har ta san cikinta kamar yunwar cikinta.

Aikin da suke yi aikin yaƙi ne, kada a yi masa kwaskwarima. Na'urar ba ta hutawa dare da rana, tana fitar da jadawalin harba manyan bindigogi da lissafin nakiyoyin ruwa. A 1944 masanin lissafi John von Neumann ya kawo musu wani lissafi mai wuya a kan yadda abu ke matsewa ta ciki in aka tayar da nakiya kewaye da shi, wanda daga baya ta bayyana cewa na aikin bam ɗin nukiliya ne. Wannan sana'a da muke yi wa kallon ta samari masu kwamfutar cinya, a cikin hayaƙin yaƙi aka haife ta.

Ana cikin haka Aiken ya umarce ta ta rubuta littafin da zai bayyana yadda ake sarrafa na'urar. Ta nuna ba ta taɓa rubuta littafi ba, ya nuna mata cewa yanzu soja ce, umarni kuma umarni ne. Littafin ya fito a 1946, shafi sama da 500, kuma ana lissafa shi cikin littattafan farko a duniya da suka koyar da yadda ake tsara wa kwamfuta umarni. Sunanta bai fito a bangonsa a matsayin marubuciya ba. Da sunan ma'aikatan ɗakin lissafin baki ɗaya aka buga shi. Amma mai karatu ya lura: a cikin duk injiniyoyi da masana lissafin da ke wurin, wa aka ga zai iya wannan aiki? Malamar nan da ke cire wa ɗalibai maki saboda rubutu.

Ba zan wuce ba tare da taɓa labarin ƙwaron nan ba, tunda shi aka fi saninta da shi. Ranar 9 ga Satumba, 1947 na'urar Mark II, ƙanwar ta farko, ta tsaya, da aka bincika sai aka tarar da wani ƙwaro irin mai zagaya fitila da dare ya maƙale a cikin wani makunni. Aka cire shi aka manna a littafin aikin yau da kullum, littafin kuma yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a Washinton. Daga nan aka yi ta yaɗa cewa ita ta ƙirƙiro al'adar kiran matsalar kwamfuta da sunan ƙwaro. Ba haka ba ne. Injiniyoyi sun daɗe suna amfani da kalmar tun zamanin Thomas Edison, abin da ya sa ma'aikatan suka manna ƙwaron ke nan don raha. Ita dai ta iya ba da labarin ne, ta yi ta ba da shi shekara da shekaru har ya zama nata.

Da yaƙi ya ƙare, lissafin rayuwarta ya fito fili. Aurenta ya mutu a 1945, ba su haihu ba, ba ta kuma sake aure ba. Ta nemi a mayar da ita cikakkiyar sojan ruwa, aka ce shekarunta sun wuce, karo na biyu ke nan da aka rufe mata ƙofa da wannan hujja. Vassar ta yi mata tayin kujerar cikakkiyar farfesa, wato abin da ta yi shekaru tana wa hidima, ta ce a kai kasuwa. Ta zaɓi zama a Harvard a matsayin mai bincike na ƙwantaragi, a jami'ar da a wancan zamani ba ta da wani tanadi na dindindin ga mace irinta. A nan ne, ba a 1943 ba, ta sauya sana'a da gaske. Na farko ana iya cewa kishin ƙasa ne da guguwar yaƙi. Na biyu kuwa da idonta biyu ta saki reshe, alhali abin da ta kama bai fi ganye ƙwari ba.

A 1949, tana da shekara 42, ta koma Filadelfiya ta shiga wani ƙaramin kamfani na J. Presper Eckert da John Mauchly, mutanen da suka ƙera kwamfutar ENIAC, waɗanda a lokacin suke fafutukar ƙera UNIVAC don sayar wa 'yan kasuwa da ma'aikatu. Manyan masana da yawa a lokacin ba su yarda akwai kasuwar kwamfuta a wajen soja da jami'a ba. Watanni kaɗan da zuwanta babban mai zuba wa kamfanin jari ya mutu a haɗarin jirgin sama, kamfanin ya shiga halin ni-'yasu, har dole aka sayar da shi ga Remington Rand a 1950. A wannan tsakanin ne, kamar yadda Kurt Beyer ya bayyana a littafin tarihinta da ya fito a 2009, shan giya ya yi mata katutu, har 'yan sanda suka kama ta cikin dare a Nuwambar 1949 saboda maye, abokan aikinta suka tashi tsaye a kanta kafin ta farfaɗo. Ban kawo wannan don tozarta wadda ta riga mu gidan gaskiya ba. Na kawo shi ne domin masu nuna mana hotonta cikin kakin admiral ba sa nuna mana matar da ta ba arba'in baya, ba miji, ba ɗa, ba kujerar jami'a, a kamfanin da ke neman durƙushewa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma wanda zai shawarci magidanci ya ajiye aikinsa, wajibi ne ya gaya masa tsawon gudun.

Daga wannan rami ne ta fito ta yi aikin da ya sa ake tunawa da ita. Tun a Harvard ta lura cewa masu tsara umarni suna da littattafan aljihu inda suke rubuta guntayen umarnin da suka riga suka gwada, misali na fitar da saiwar lamba, in wani yana buƙata sai ya ara ya kwafa da hannu. Wajen kwafar nan ake tafka kuskure, domin dole a sauya lambobin wuraren ajiya su dace da sabon aikin, ɗan Adam kuwa ba gwanin kwafa ba ne, ba kuma gwanin tara lambobi ba ne in ya gaji. Ita kanta ta ba da labarin yadda ƙidayar na'ura mai tushe takwas ta shige mata kai, har ta riƙa lissafin asusunta na banki da ita ba ta sani ba, lissafin ya ƙi daidaita. Sai ta yi tambaya mai sauƙi: tunda kwafa da tarawa su ne abin da na'urar ta fi kowa iyawa, me zai hana a bar mata? A tara guntayen a faifai, a ba kowanne lamba, mutum ya rubuta lambobin da yake so, na'urar ta ɗauko su ta jera ta gyara wuraren ajiyar da kanta. Wannan shi ne A-0, wanda ta kammala a 1952, kakan abin da za mu iya kira manhajar tafinta, wato manhajar da ke karɓar abin da mutum ya rubuta ta mayar da shi yaren na'ura. Masana na yau za su ce A-0 bai kai cikakken tafinta ba, ya fi kama da mai haɗa guntaye, kuma akwai wasu a Ingila da Amurka da ke irin wannan yunƙuri a lokaci guda. Gaskiya ne. Amma ita ce ta ɗauki abin a ka, ta yi ta yawo da shi taro-taro tana tallatawa.

Ba a karɓe ta hannu bibbiyu ba. Manyan kamfani sun ɗauka kwamfuta lissafi kawai ta iya. Su kuma ƙwararrun masu tsara umarni, waɗanda darajarsu ta dogara a kan sanin asirin yaren na'ura, sun ga abin a matsayin barazana, suna cewa umarnin da tafinta ya fitar bai kai na hannu sauri ba. Hopper ta ƙara gaba. Ta ce masanin lissafi yana son alamomi, amma akawu da mai kula da sito da mai biyan albashi kalmomi suka sani, saboda haka a bar su su rubuta umarninsu da kalmomin Ingilishi na yau da kullum, irin su karanta, kwatanta, rubuta, tsaya. Aka ce mata na'ura ba ta jin Turanci. Don ta nuna musu cewa na'urar ba ruwanta da kowane harshe, alamu kawai take daidaitawa, sai ta sa aka gwada abin da kalmomin Faransanci da na Jamusanci, ya kuma yi aiki. Da ta san Hausa, da ya yi da Hausa. Daga wannan ne aka samu FLOW-MATIC, wanda ya shiga hannun masu amfani da UNIVAC a wajajen 1958.

A Mayun 1959 aka yi taro a hedikwatar tsaron Amurka ta Pentagon, inda kamfanonin kwamfuta da ma'aikatun gwamnati suka amince a samar da harshe guda na harkokin kasuwanci wanda zai yi aiki a kan kowace na'ura, ko wane kamfani ya ƙera ta. Abin da ya fito shi ne COBOL. A Disambar 1960 aka gwada manhaja guda a kan na'urar UNIVAC da ta RCA, ta yi aiki a duka biyun. Sau da yawa za ka ji ana kiran Hopper uwar COBOL, amma Jean Sammet, ɗaya daga cikin mutum 6 da suka zauna suka tsara harshen, ta yi ta musanta wannan har ƙarshen rayuwarta. Hopper mai ba da shawara ce ga kwamitin, ba ta cikin masu rubutawa. Abin da ba a musu a kansa shi ne FLOW-MATIC ne babban tushen da aka ɗora ginin a kai, kuma ra'ayin rubuta umarni da kalmomin mutane nata ne. Wannan ma ya isa, ba sai an ƙara gishiri ba. Ƙarfin harshen kuwa ya bayyana a 2020, lokacin annobar korona, da gwamnan jihar New Jersey ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL, domin na'urorin biyan tallafin marasa aikin yi, masu shekara 40 da ɗoriya, sun kasa ɗaukar cunkoson masu nema.

To, me wannan ke gaya wa ma'aikacin da ke Kaduna ko Kano ko Sakkwato yana juya wannan tunani a ransa? A nawa ra'ayin, Hopper ba ta zubar da rayuwarta ta farko ta ɗauki sabuwa ba. A wajen haɗa waya Eckert ya fi ta, a zurfin lissafi von Neumann ya yi mata nisa, a saurin tsara umarni Bloch bai bar ta a baya ba. Abin da ta fi su da shi, daga aji ta zo da shi: sanin inda mai koyo ke tuntuɓe, da haƙurin sauƙaƙa abu mai wuya. Littafin 1946, da manhajar tafinta, da harshen kalmomi, duk aikin malama ne. Shekaru 13 na Vassar ba asara ba ne, su ne jarin. Saboda haka akawun da ya shekara 15 yana ganin ta inda kuɗi ke zurarewa a takardar albashi, ko ma'aikaciyar jinyar da ta san yadda katin majiyyaci ke ɓacewa tsakanin ɗakin ajiya da ɗakin likita, in za su koyi manhaja, to su koye ta a kan abin da suka sani. Wanda ya watsar da wannan ya je yana gogayya da ɗan shekara 22 a kan ƙawata shafin intanet, ya shiga kokawar da ba tasa ba.

Sai dai kuma akwai inda kwatancen ya tsaya. Ita ta shiga fage ne babu kowa a ciki, masu wannan aiki a duniya ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma albashin soja na tafe mata tana koyo. Yau fagen cike yake. A 2019 kamfanin Andela, wanda ya yi suna wajen horar da sababbin masu rubuta manhaja a Legas, ya sallami kimanin 400 daga cikin ƙananan injiniyoyinsa a Nijeriya da Kenya da Yuganda, bisa hujjar cewa kasuwa ƙwararru take nema. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da burin horar da mutum miliyan 3 a fannonin fasaha, abin a yaba, amma duk wanda aka horar abokin takara ne ga na kusa da shi. Bugu da ƙari, manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun fara rubuta umarni da kansu in ka gaya musu abin da kake so da harshenka, kuma aikin ɗan koyo suka fara lasa. Abin mamaki, wannan shi ne ƙarshen hanyar da Hopper ta share da hannunta a 1952, kuma ƙorafin da ake yi yau bai bambanta sosai da wanda ƙwararrun zamaninta suka yi mata ba. A wancan karon aikin bai ƙare ba, yaɗuwa ya yi, waɗanda suka dogara da haddar yaren na'ura kaɗai ne suka sha wuya. Ko tarihi zai maimaita kansa, wannan sai Allah.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar shekaru. A ƙasar da za ka ga tallar aiki an ce kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 28, bayan yajin aikin jami'a ya cinye masa shekara biyu, kuma ma'aikacin gwamnati ke ajiye aiki in ya cika 60 ko ya shekara 35 yana yi, ya kamata masu ɗaukar aiki su dubi yadda rundunar sojojin ruwan Amurka ta yi ta tufka da warwara a kan wannan mata. A ƙarshen 1966 aka yi mata ritaya tana da shekara 60, da muƙamin kwamanda, bisa ƙa'ida. Ba a yi wata 8 ba, a Agustan 1967, aka kira ta ta dawo na wata 6, domin manhajojin rundunar sun zama kowa da kiɗansa, na wannan sansani ba ya aiki a wancan. Ta tsara gwaje-gwajen da ake tantance kowane tafintan COBOL da su kafin a saya, tsarin da daga baya hukumar ma'aunai ta ƙasar ta ɗauka. Wata 6 ya zama shekaru. Aka sake yi mata ritaya a 1971, aka sake kiranta a 1972. Ta zama kyaftin a 1973, kwamado a 1983, muƙamin da aka sauya wa suna zuwa riya admiral a 1985.

A waɗannan shekaru ta koma abin da ta faro da shi, wato koyarwa, sai dai ajin nata ya zama ƙasa baki ɗaya. Takan shiga taro da guntayen waya masu tsawon santimita 30, ta rarraba wa mutane, ta bayyana cewa wannan ne iyakar nisan da lantarki zai iya tafiya a cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa. Sannan ta ɗaga wani nannaɗaɗɗen waya mai tsawon mita 300, kashi ɗaya bisa miliyan ke nan, don masu rubuta manhaja su ga abin da suke zubarwa in suka yi sakaci, janar-janar kuma su gane dalilin da ke sa saƙon tauraron ɗan Adam jinkiri. A bangon ofishinta akwai agogo mai tafiya ta hagu, yana kuma ba da lokaci daidai, ta rataye shi ne saboda masu kafa hujja da cewa haka aka saba yi.

Ta yi ritaya ta ƙarshe ranar 14 ga Agusta, 1986, a kan tsohon jirgin yaƙin nan USS Constitution a Boston, tana da shekara 79, ita ce hafsa mafi tsufa da ke bakin aiki a rundunar. Ba ta zauna a gida ba, kamfanin Digital Equipment ya ɗauke ta babbar mai ba da shawara, tana kan wannan aiki har ta rasu cikin barcinta ranar 1 ga Janairu, 1992, tana da shekara 85. An binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington. A 1997 rundunar ta ƙaddamar da jirgin yaƙi mai suna USS Hopper, a 2016 Shugaba Barack Obama ya ba ta lambar yabo mafi girma ta farar hula a Amurka, a 2017 kuma Jami'ar Yale ta cire sunan John C. Calhoun, ɗan siyasar da ya yi suna wajen kare bautar da bayi, daga ɗaya daga cikin kwalejojinta, ta sa nata.